Yadda ake ɗaukar hoto da sautin tsohuwar kwamfuta da kuɗi kaɗan

A cikin wani akwatin ƙarfe a ɗakin kawuna, a unguwar Zariya ta Maradi, muka tono ta, an naɗe ta da tsohon zane. Kwamfuta ce ƙirar Sakhr, irin wadda alhazai suke sayo wa ƴaƴansu tsaraba daga Saudiyya a shekarun 1980, da haruffan Larabci da na boko a kan maɓallanta. Muka kakkaɓe ta, muka haɗa da tele, ta kawo. Kawu ya daɗe yana kallon allon bai ce komai ba, can ya ce: "Ɗana, wannan ba lallai ta sake tashi ba. Ka san yadda za a yi a adana abin da take nunawa, in tura wa ƴan'uwanka a Yamai?"

Na ce na sani, alhali rabin sani ne. Sai da na sayi abin da bai yi aiki ba har sau biyu kafin na gane cewa aikin nan ba daga kasuwa yake farawa ba. Daga bayan na'urar yake farawa. Ramin da ke bayanta shi ne zai gaya maka abin da za ka saya, kuma sau da yawa duk kayan ba su kai kuɗin buhun gero ba.

Kafin ka ba ta wuta

Na'urar da ta yi shekara talatin a ajiye ba a yi mata gaggawa. Fara karanta ɗan rubutun da ke ƙarƙashinta ko a jikin akwatin wutarta. Wutarmu 220 ce. In ka ga an rubuta 110 ko 120, kayan Amurka ne, in 100 ne na Japan ne, kuma sai da taransifo mai rage wuta. Ka soka ta kai tsaye, ƙara ɗaya za ka ji da warin ƙuna, shi ke nan.

Sannan ka kai akwatin wutar wajen mai gyaran rediyo ko tele ya auna maka da mita. Wannan ya fi zama dole ga Commodore 64, wadda ta fito a 1982. Akwatinta yana ba da wuta iri biyu, mai ƙarfin 5 da mai ƙarfin 9, kuma an san shi da cewa in ya tsufa ɓangaren 5 ɗin yana hawa sama ya ƙone ƙwaƙwalwar na'urar. In mita ta nuna ya haura 5 sosai, a jefar da shi a nemi wani.

In babbar kwamfuta ce ta ofis, irin 386 ko 486, a buɗe murfin a duba batirin da ke kan allon ciki. Akwai wani mai kamar ƙaramar ganga, yawanci shuɗi ko kore, da yake yoyo ya cinye layukan tagulla. In ka ga wani abu fari-fari ko kore-kore kamar gishiri a kusa da shi, a cire shi a wanke wurin tukuna. Ƙurar hunturu da ta taru a ciki a share ta da burushi mai laushi. Amma tsohon allo mai ƙugu ko tele, kada ka buɗe shi da kanka. Yana riƙe wuta mai kisa ko an cire shi daga soket.

Ka sa regilata tsakaninta da bango. Kuma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ya wuce 40, ka yi aikin da asuba ko da dare, da fanka a kanta.

Juya ta ka duba ramukan

Nan ne zan daɗe, don nan ne kuɗi suke salwanta.

In ka ga rami zagaye mai launin rawaya, da fari ko ja a gefensa, irin na bayan na'urar DVD, ka yi sa'a. Rawaya hoto ne, fari da ja sauti. Sakhr ɗin kawu haka take. Ita dangin MSX ce, tsarin da aka fito da shi a Japan a 1983, kuma da yawa daga cikinsu suna da wannan ramin.

In rami ɗaya ne tak, irin na eriya, to na'urar tana aika hotonta ne kamar tashar talabijin. ZX Spectrum ta farko haka take, tana fita a tashar UHF ta 36. Kayan ɗauka na zamani ba sa jin wannan yaren. Dabarar ita ce ka nemo tsohon bidiyo mai kaset, ko da ya daina jan kaset ba komai. Ka sa kebul ɗin kwamfutar a ramin eriyarsa, ka nemo tashar, shi kuma ya fitar maka da hoto ta rawaya, da sauti ta fari in kwamfutar tana aika shi ta eriya. Masu gyara suna da irinsu jibge a bayan shago. Ka nemi wanda aka rubuta masa PAL da SECAM da NTSC gaba ɗaya, wato tsare-tsaren launin talabijin na ƙasashe daban-daban, don a Maradi kaya sun gauraye: na Faransa da ke shigowa ta Kwatano, da na Ingila da ke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa.

In babban rami ne mai haƙora 21, ko kebul mai irin wannan kan, Peritel ke nan. Kwamfutocin Faransa kamar Thomson TO7 da MO5, waɗanda aka cika makarantun Faransa da su a tsakiyar shekarun 1980, ta nan suke fita. Suna aika ja da kore da shuɗi ne kowane a layinsa. Wannan shi ne hoto mafi tsabta, amma ɗan ƙaramin kan nan da ake sayarwa mai juya Peritel zuwa rawaya ba zai yi maka komai ba, baƙin allo za ka gani. Sai akwati mai wutar kansa da aka rubuta ƙarara yana karɓar RGB, wato wannan tsarin na ja da kore da shuɗi. Amstrad CPC 464 ma RGB ce, kuma tana shan wutarta ne daga allonta, saboda haka in allon ya ɓace sai an nemo mata wutar 5 daban. Amiga 500 tana da rami irin na rawaya, amma baƙi da fari kawai yake bayarwa. Launin yana wajen dogon raminta mai haƙora 23.

Commodore 64 tana da rami zagaye mai ƙananan ƙofofi takwas, na farko-farko kuma biyar. Mai takwas ɗin yana raba haske da launi, don haka in aka haɗa masa kebul zuwa S-Video, wani ramin hoto da shi ma yake ɗaukar su a rabe, rubutu yana fita tas, ba ya zuba kamar tawada a jiƙaƙƙiyar takarda.

In kuwa shuɗin rami ne mai ƙofofi 15 a layi uku, VGA ne, wanda IBM ta fito da shi a 1987. Mafi yawan abin da za ka samu a garin nan shi ne wannan: tsofaffin Pentium masu Windows 95 ko 98 da suka fito daga ofisoshi da shagunan buga takardu. Ka ƙirga ƙofofin. In tara ne a layi biyu, ba VGA ba ne, kada ka tilasta masa kebul.

Abin da za ka saya

Ga mai rawaya ko S-Video, abu ɗaya ne: ɗan sandan USB da ake kira EasyCAP, mai jela huɗu, rawaya da fari da ja da baƙi. Sunan ɗaya ne amma cikin ya bambanta, kamfanoni barkatai ne suke yin sa. Wani Windows tana gane shi nan take, wani sai da faifan da ya zo da shi, wani kuma ba ya yi da Windows ta zamani sam. Shi ya sa nake cewa ka ɗauki laftof ɗinka ka tafi da ita shagon, a gwada a gabanka da kowace na'urar DVD. In ba a samu a babbar kasuwa ba, masu zuwa Kano saro kaya suna iya taho maka da shi daga Sabon Gari, amma ka tura musu hotonsa a WhatsApp, kada a kawo maka mai yin akasin aikin.

Wannan akasin shi ne kuskurena na farko. Akwai mai juya VGA zuwa HDMI, akwai mai juya HDMI zuwa VGA, kamanninsu ɗaya kamar tagwaye, kuma kowane hanya ɗaya yake bi. Kai mai karɓar VGA ya fitar da HDMI kake so, wanda yake da ɗan kebul na sauti da kuma na wuta ta USB. Bayansa sai ɗan sandan ɗaukar HDMI, mai kamar kilen adana fayil. Masu arahar nan, ko da an shafa wa bakinsu shuɗi an rubuta 3.0, yawancinsu 2.0 ne. Suna ba da hoto 30 a daƙiƙa a girman 1080, ko 60 a girman 720. Ga tsohuwar kwamfuta na biyun ya fi, don motsi ya fi girma muhimmanci a nan.

Kuskurena na biyu ya fi ciwo. Na haɗa komai da wata Pentium, Windows ta fito lafiya lau, amma da na shiga DOS, tsohon tsarin da ake rubuta wa umarni a baƙin allo, sai allo ya mutu. Na zaci kayan ne suka lalace. Ashe Windows tana tafiya ne a girman hoto 640 da 480, sau 60 a daƙiƙa, shi kuwa baƙin allon DOS yana tafiya a 720 da 400, sau 70 a daƙiƙa, haka ma yawancin wasannin DOS 70 ne. Masu juyawa da yawa ba su san 70 ba. Mafita uku ce. Ka buɗe shirin DOS ɗin a cikin taga daga cikin Windows, ya zauna a kan 60. Ko ka duba ko katin hoton yana da ramin S-Video, kamar yadda tsofaffin laftof da yawa suke da shi, ka bi ta EasyCAP, rubutu zai ɗan dushe amma zai fito. Ko kuma ka tara kuɗi ka yi odar akwati irin OSSC, wanda aka ƙera don haɗa tsofaffin na'urori da kayan hoto na zamani. Akwai kuma allon GBS-8200, mai araha, da masu iya haɗa wayoyi da dalma suke ƙara wa ɗan guntun ESP8266 su sa masa manhajar GBS-Control. In kana da aboki mai gyaran salula da hannunsa ya faɗa, aikin yini ɗaya ne, kuma yana karɓar RGB na su Thomson da Amiga.

Wani abu kuma: hoton da ke isowa laftof yana makara kaɗan. In wasa za ka buga, za ka danna maɓalli abin ya motsa daga baya. Ka sa mai raba VGA gida biyu, mai wutar kansa, ɗaya ya tafi tsohon allo inda kake kallo, ɗaya ya tafi wajen ɗauka.

Saita OBS

Manhajar da nake aiki da ita OBS Studio ce, kyauta ce. Ka sauke ta sau ɗaya, ba ta buƙatar intanet wajen ɗauka.

Ka buɗe ta, a wurin da ake ƙara majiya ka danna alamar ƙari, ka zaɓi na'urar ɗaukar bidiyo. In taka ta Faransanci ce za ka ga an rubuta Périphérique de capture vidéo. Zaɓi sandanka daga jerin. In EasyCAP ne, shiga saitinsa ka gaya masa tsarin launin: PAL ga kayan Turai da ƙasashen Larabawa, NTSC ga na Amurka da Japan. In ka ga hoto baƙi da fari ko yana gungurawa sama, kusan kullum wannan ne ba ka daidaita ba. Girman ya zama 720 da 576 ga PAL, 720 da 480 ga NTSC.

Yawan hoto a daƙiƙa ya bi na'urar: 50 ga PAL, 60 ga NTSC da Windows. In ka ɗauki mai 50 a kan 30 ko 60, duk abin da ke tafiya a allon zai riƙa ɗingishi.

Yanzu ga wani abu da ya kamata ka fahimta. Tashar talabijin tana aika hoto ne rabi-rabi, layukan mara sannan na cika, a saƙa su su zama ɗaya. Tsofaffin kwamfutocin gida ba sa yin haka, cikakken ƙaramin hoto suke aikawa sau 50 ko 60. EasyCAP bai san da wannan ba, sai ya kama biyu ya saƙa su tare. Sakamakon shi ne duk abin da ya motsa sai ka ga gefensa ya yi haƙora kamar matsefi. Ka danna majiyar da maɓallin dama, ka shiga wurin warware saƙar, Désentrelacement a Faransanci, ka zaɓi Retro. Don irin waɗannan na'urorin aka sa shi. In bai yi maka ba gwada Yadif 2x.

Siffar allo 4 da 3 ce, ba shimfiɗaɗɗiya irin ta tele na yanzu ba. Ka sa faɗin aikinka 960 da 720, ko 1440 da 1080, ka ja hoton ya cika shi. Kada ka miƙe shi ya cika 16 da 9, zagaye zai koma ƙwai. Raina yana ɓaci in na ga an yi wa tsohon hoto haka, don wanda ya zana shi ya ƙirga kowane ɗigo.

Sai abin da na fi so ka riƙe: ka ɗauka da tsarin fayil na MKV, ba MP4 ba. Ranar da na fara ɗaukar Sakhr ɗin kawu, mun yi kusan awa guda yana nuna mini darussan haruffa da ya koya wa yaransa da su, yana ba da labari. Aka ɗauke wuta, batirin laftof ɗina kuma ya riga ya mutu tuntuni. Da wuta ta dawo fayil ɗin yana nan da nauyinsa amma ya ƙi buɗewa, saboda MP4 na gargajiya sai an rufe shi lafiya yake rubuta jadawalinsa. MKV kuwa duk inda ya tsaya, abin da ya gabata yana nan. In ka gama, OBS ɗin kanta tana juya shi zuwa MP4 cikin ƴan daƙiƙu ba tare da ingancin ya ragu ba.

Sauti

Mutane suna yafe hoto mai ɗan dishi-dishi, amma ba sa jure ƙugi a kunne. Ka ɗauki sautin ta kebul, ba ta iska ba. Daga farin rami, ko daga koren ramin katin sauti na Pentium, zuwa jelar sandan ɗauka. Na'urori irin Commodore 64 da yawancin MSX layin sauti ɗaya ne da su, don haka za ka ji shi a kunne ɗaya. A saitin sauti na OBS akwai wurin da ake mayar da shi ya fito ta biyun.

Kada ka sa shi a ramin makirufo na laftof kai tsaye in kana da zaɓi. Ramin nan don raunanan sauti aka yi shi, wannan zai yi masa ƙarfi ya fashe. Ka kalli ma'aunin OBS: ya riƙa wasa a kore yana leƙa rawaya, kada ya taɓa ja. Sautin da ya fashe ba ya gyaruwa, wanda ya yi ƙasa kuwa ana ɗaga shi daga baya a manhajar gyaran sauti ta Audacity.

In ka ji wani gurnani a ƙasa-ƙasa da ba ya yankewa, wutar gida ce mai bugawa sau 50 take shiga layin. Ka zare cajar laftof ka saurara. In ya ɗauke, ka gano ɓarawon. Ka yi ɗaukar a kan batir, ko ka haɗa duk kayan a kan rallonji ɗaya, ka kuma raba kebul ɗin sauti da na wuta kada su kwanta tare.

Kafin dogon aiki ka yi gwajin minti biyu da abin da ke yin ƙara da motsi lokaci guda, ka kalla. In sauti ya riga hoto, akwai wurin jinkirta shi a saitin sauti, ka fara da 100 ko 200 na dubun daƙiƙa kana gwadawa har su haɗu. In kana son muryarka ko ta dattijon da ke bayani, ka sa makirufo daban a layi na biyu, don ka iya rage ɗaya ba tare da ka taɓa ɗayan ba. Ƙarar maɓallai da kukan faifai ma suna da daɗin ji, ka ajiye salula kusa da na'urar ta ɗauke su.

In ba ka da ko sisi

Salularka ta isa, in ka bi ta da hankali. Baƙin layin nan da ke yawo a allo in an ɗauki tele da waya yana zuwa ne don saurin idon kyamara bai yi daidai da na allon ba. Ka shiga saitin hannu na kyamarar, ko ka sauke Open Camera in wayarka ta yarda da shi, ka sa saurin a 1/50 ga PAL, 1/60 ga NTSC da Windows. Ka kulle haske da saitin gani, ka rufe taga ka kashe fitila, ka goge gilashin. Ka kafa wayar a kan tulin littattafai daidai tsakiyar allon, a kwance. Ka ɗan ja baya kaɗan in ka ga wani zane kamar na atamfa yana rawa a kan hoton. Ga na'urar Peritel da ba ka samu akwatinta ba, wannan ita ce hanya, muddin akwai tele mai wannan ramin.

Ajiya

In ka sa ƙarfin ɗauka a megabit 10 a daƙiƙa, awa ɗaya za ta ci giga huɗu da rabi. Kile da yawa suna zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce giga 4, sai ka mayar da shi exFAT kafin ka kwafa. Asalin fayil ɗin ka ajiye shi wuri biyu, kada ka taɓa shi. Wanda za ka tura, ka matse kwafinsa da manhajar HandBrake. In ta WhatsApp ne ka tura shi a matsayin takarda, don in ka tura shi a matsayin bidiyo za a sake matse shi ƙananan rubutu su narke.

Sunan fayil ya ƙunshi ƙirar na'urar, da abin da aka kunna, da ranar. Ka ɗauki hoton bayan kwamfutar da kebul ɗin a jone ka sa a jaka ɗaya da bidiyon, don bayan wata shida ba za ka tuna wanne ya shiga ina ba. Na kawu mun sake shi washegari da asuba, da aron batir, minti arba'in da bakwai, kuma a cikinsa ana jin sa yana gyara wa na'urar lafazin harafin da ya ce tun da can ba ta iya faɗinsa daidai.